JIKINKI AMANA NE: 'YAN AIKEN CIKIN JINI DA HALITTAR ƊA A MAHAIFA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ƙagi halitta Ya tsara ta, Ya sanya wa kowane abu iyaka da ma'auni. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani abu da yake tare da kowaccenmu dare da rana, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san da zamansa. A Suratuz Zariyat, aya ta 20 da ta 21, Allah Ya sanar da mu cewa ayoyinSa suna nan shimfiɗe a bayan ƙasa, suna nan kuma a cikin jikinmu, sannan Ya zargi wanda ba ya dubawa. To, mu mata mun fi kowa buƙatar wannan dubawa, domin a jikinmu ne ake gina mutum tun yana ɗigo har ya fito yana kuka.

Kuma wannan karatu ba baƙo ba ne a Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye su karantar da mata 'yan taru. Saboda haka duk wadda ta ce sanin jiki boko ne, bai shafi addini ba, ba ta san gadon gidanta ba.

MENE NE WAƊANNAN 'YAN AIKE?

Ya ke 'yar'uwa, dubi yadda matar kulle ke tafiyar da gidanta. Ba ta fita, amma cefane yana zuwa, saƙo yana kai wa ga maƙwabta, ana karɓo niƙa, domin tana da yaran da take aika. Haka Allah Ya sanya wasu ƙananan gaɓoɓi a cikin jikinmu, likitoci suna ce musu gilan. Ba su motsawa daga inda suke, sai dai su zuba wani sinadari a cikin jini, jinin ya ɗauke shi ya kai wa gaɓar da aka aika wa, ita kuma ta yi abin da aka umarce ta. Wannan sinadari shi ake kira homon. Wani likitan Ingila mai suna Ernest Starling ne ya raɗa masa wannan suna a 1905, kuma yau an san fiye da iri 50 a jikin mutum.

Babbar cikinsu, wadda za mu kira uwargida, ita ce fituwitari. Tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke ba yawancin sauran umarni. Ita ke sarrafa girman yaro, da zuwan al'ada, da kawo ruwan nono. Sai tairod, a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda ke daidaita saurin aikin jiki da ɗuminsa. Idan ta kumbura shi ne maƙoƙo. A bayanta akwai wasu 'yan ƙanana guda huɗu masu kula da sinadarin ƙashi. A saman kowace ƙoda akwai adirinal, mai fitar da sinadarin da ke sa gabanki ya faɗi in kin tsorata, da wani mai suna kotisol da ke riƙe jiki lokacin wahala ko ciwo. A bayan tumbi akwai fankiriyas mai fitar da insulin, wanda ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Sai gidajen ƙwai biyu na mace, masu fitar da istirojin da furojestaron, su ne ke juya kwanakin al'ada da tsarki.

Abin lura a nan shi ne ma'auni. Waɗannan sinadarai ƙanƙane ne ƙwarai a cikin jini, amma in ɗaya ya ƙaru kaɗan cuta ce, in ya ragu kaɗan cuta ce. Mai karanta Suratul Ƙamar, aya ta 49, inda Allah Ya bayyana cewa da gwargwado Ya halicci kowane abu, za ta ga misalinsa a jikinta.

YADDA AKE GINA ƊA

Allah Ya ba mu labarin matakan halittarmu a Suratul Muminun, aya ta 12 zuwa ta 14, tun daga ɗigon maniyyi, zuwa gudan jini, zuwa tsoka, zuwa ƙashi da tufatar da shi da nama. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), na huɗu a Arba'una wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya kawo kwana arba'in sau uku, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Mun yi imani da wannan tun kafin a ƙera na'urar hoton ciki, kuma ba mu jingina imaninmu ga binciken likita. Abin da likita ya gano yana ƙara mana tunani ne da godiya.

Ga abin da suka gano, bisa lissafin asibiti da ke ƙirga mako 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Da zarar ɗan tayi ya manne a bangon mahaifa, sai ya fara aika wa uwa saƙo da wani sinadari, cewa kada a zubar da shimfiɗar da yake kwance a kai. Shi ne dalilin ɗaukewar al'ada, kuma wannan sinadari ne gwajin fitsari ke ganowa. Furojestaron kuma ya kwantar da mahaifa kada ta matse ta fitar da shi. Wajen mako na 6 zuciyarsa ta fara bugawa, alhali girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Wajen mako na 10 mabiyiya ta karɓi aikin fitar da sinadaran riƙe ciki. Subhanallahi! Wannan mabiyiya da muke binnewa a bayan ɗaki gilan ce sukutum, wadda Allah ke halitta don ciki ɗaya tak, in ta gama aikinta ta fita. Can kusa da haihuwa kotisol ya nunar da huhun jariri don ya iya shan iska, sannan wani sinadari mai suna oksitosin ya riƙa matsa mahaifa, naƙuda ta kankama.

Duk wannan yana gudana ke kina barci, kina tuƙa tuwo, kina salla. Ba a nemi shawararki ba. Amma akwai wuraren da aka bar miki amana, kuma za a tambaye ki. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: GISHIRIN MIYARKI

Tairod ba ta iya aiki sai da aidin. Ɗan tayi kuwa tasa tairod ɗin ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, ba ta kuma iya riƙe shi sai wajen tsakiyar ciki. Kafin nan da sinadarin uwarsa ake gina ƙwaƙwalwarsa. Idan uwa ba ta da isasshen aidin, ana iya samun ɓari, ko a haifi yaro mai nauyin fahimta, in abin ya tsananta har da kurumta da rashin girma. Sai yaro ya shekara uku a izu ɗaya, malam na duka, uwa na kuka, alhali matsalar ta faro tun yana ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Duk abin da mutum zai buƙata a tsawon rayuwarsa bai fi cikin ƙaramin cokali ba, sai dai dole ya riƙa samunsa a kai a kai. Mu nan nesa muke da teku, inda kifi ke ɗauke da shi da yawa. Don haka ne a 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, hukumar NAFDAC na cikin masu sa ido a kai. Gishirin gargajiya irin su balma da manda ba a sanya musu shi. In za ki aika Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, ki ce a sayo na leda wanda aka rubuta yana da aidin, ki zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da rana da laima. Ba a ce ki ƙara yawan gishiri ba, don yawansa na jawo hawan jini. An ce ki zaɓi mai kyau. Wadda kuma ta ga kumburi a wuyanta, ta daina naɗe shi da gyale tana jin kunya, ta je a duba, yana da magani.

NA BIYU: AWO, SUGA DA AZUMI

Al'adarmu ta ɓoye ciki, musamman na fari, tana da tushe a kunya, kuma kunya alheri ce. Amma watannin da muke ɓoyewa su ne watannin da ake ƙera zuciya da ƙwaƙwalwa da laka. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa awo sau takwas, na farko a cikin mako 12 na farko. Ki ɓoye wa maƙwabta in kin so, amma kada ki ɓoye wa malamar asibiti. Wasu tsofaffinmu, Allah Ya saka musu da alheri, kan ce, "Mu da anka haife mu ɗaka, mi anka yi muna asibiti?" Sai mu amsa musu cikin ladabi: Inna, waɗanda suka rayu ne ke ba da labari, waɗanda suka tafi wurin haihuwa ba su nan balle su faɗi nasu.

Daga cikin abin da ake dubawa akwai suga. Sinadaran mabiyiya suna rage ƙarfin insulin ɗin uwa don abinci ya isa ga ɗa. Wata matar jikinta ba ya iya cike giɓin, sai suga ya hau, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Ana gwada wannan tsakanin mako na 24 da na 28. Sugan uwa yana ratsa mabiyiya, jariri ya yi ta tara ƙiba har ya wuce kilo 4, kafaɗa ta maƙale a wurin haihuwa, naƙuda ta yi tsawo. Doguwar naƙuda kuwa ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma duk wadda ta taɓa zuwa dubiya Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha ta san abin da ake nufi. In an gano da wuri, gyaran abinci da tafiya a ƙasa kan isa, wata kuma sai an haɗa mata da magani ko allurar insulin, wadda aka gano a Kanada a 1921.

A nan ne maganar azumi ta shigo. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana cewa mai ciki in ta ji tsoro ga abin da ke cikinta za ta sha azumi, kuma zancen da ya gabatar shi ne ba ciyarwa a kanta, sai ramuwa. Mai shayarwa kuma in ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta sami mai shayar mata ba ko ya ƙi karɓar wata, za ta sha, ta rama, ta ciyar. Ya ke mai ciwon suga da ciki, a zafin Sakkwato da kowa ya sani, idan likita amintacce ya ce azumi zai cutar da ke ko ɗanki, karɓar rangwamen Allah ibada ce. Kada ki yi azumi don gudun bakin kishiya ko dangin miji.

NA UKU: KADA KI YI WASA DA MA'AUNIN ALLAH

Hadisi na 32 a Arba'una ya hana cutar da kai da cutar da wani. Amma dubi abin da ya zama ruwan dare a gidajen biki. Ana shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai deksametason a cikinsu, wato ɗan'uwan kotisol da aka haɗa a masana'anta. Magani ne mai amfani a hannun likita, guba ne a hannun mai neman ƙiba. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta fito, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice. Ita kuma adirinal, ganin an cika jini da irin kayanta, sai ta daina aiki. Shi ya sa wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta yanke rana ɗaya ba, hakan na iya kai ta kushewa. Ta je wurin likita ya rage mata sannu a hankali.

Haka mayukan bilicin. Da yawansu na ɗauke da irin wannan sinadari, fata kuma tana tsotse shi ya shiga jini. Wasu ma akwai zaiba a ciki, wadda ke ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. 'Yar'uwa, ado ga miji abin lada ne, amma ba da lafiyar ɗanki za ki saye shi ba.

Sai allurar naƙuda. Oksitosin ne, kuma a asibiti yana ceton rayuka, musamman wajen tsayar da jini bayan haihuwa. Idan za a ba mai naƙuda, a cikin ƙarin ruwa ake sa shi, ɗigo-ɗigo, ana sauraren zuciyar jariri. Amma a kira mai kemis ya soka wa mace a ɗaki don "ta yi sauri", wannan na iya fasa mahaifa ko ya shaƙe jariri. Duk wadda ta ba da wannan shawara, ko ta yi shiru tana gani, ta shirya amsar da za ta ba Allah.

NA HUƊU: BAYAN AN SAUKA

Ki sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinsa na farko, tsotson kuma yana sa jikinki ya saki oksitosin, mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ga rahama biyu a aiki ɗaya. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa.

Akwai matar da ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, daga nan nono ya ƙi zuwa, al'ada ba ta dawo ba, kullum kasala da jin sanyi. Sai a ce ragguwa ce, ko an yi mata sammu. Alhali fituwitarinta ce ta lalace saboda ƙarancin jini, cutar da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Ana gano ta da gwajin jini, ana kuma ba da magungunan da ke maye gurbin abin da aka rasa. Irin wannan sai a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru.

Haka nan da fitar mabiyiya sinadaran ciki kan faɗi warwas, shi ya sa mai jego kan yi kuka ba dalili na 'yan kwanaki. In ya wuce mako biyu, ko ta ƙi jaririnta, ko tana maganar da ba kai, ko tana tunanin cutar da kanta, to ciwo ne. A yi mata addu'a da ruƙiyya ta shari'a, a kuma kai ta ga likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan kusa a Kware. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani.

NA BIYAR: "WANCE BA TA HAIHUWA SAI ƊIYA MATA"

Aure nawa wannan magana ta kashe? Ku saurara da kyau. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, yana ɗauke da abin da masana ke yi wa alama da X. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani X wani Y. In mai X ya riga isa a sami mace, in mai Y ne a sami namiji, kuma sai wajen farkon wata na uku sinadarin maza ke fara fitar da siffar namiji. Ke nan mace ba ta da hannu a ciki, shi ma mijin ba shi ke zaɓa ba. Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, ta riga ta yanke hukunci: kyautar 'ya'ya mata, da ta maza, da gaurayawa, da hanawa, duk na Allah ne. Suratun Nahli kuma, aya ta 58 da ta 59, ta nuna cewa ɓata fuska don an haifi mace halin jahiliyya ne. Abin takaici, sau da yawa mu mata ne ke fara wannan gori, uwar miji ko ƙanwarsa. Mu ji tsoron Allah.

Haka batun jinkirin haihuwa. Yana iya zama daga mace, yana iya zama daga namiji, yana iya zama daga su biyun. Wani lokaci rikicewar tairod ce ko yawan sinadarin nono, abin da ƙwaya ke gyarawa da izinin Allah. A je a gwada su biyun kafin a ƙarar da dukiya wurin bokaye, a ƙarar da imani tare da ita.

KAMMALAWA

'Yan'uwana, ku karanta wa mazajenku wannan cikin hikima da ladabi. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, Allah Ya wajabta ciyar da matar da aka saka in tana da ciki har ta haihu. To ina ga wadda ke cikin ɗakinta? Kuɗin awo da na gwaji da abinci mai gina jiki, da izinin fita asibiti tun kafin dare ya yi, suna cikin kula da amanar da aka ba shi. Mu kuma malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin unguwa, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga Arkilla zuwa Gidan Igwai, mu sanya wannan a cikin karatunmu kusa da babin haila da biƙi, mu riƙa gayyato ma'aikatan lafiya mata su yi mana bayani. Rashin sani ya fi dare duhu, matambayi kuma ba ya ɓata.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa bisa Sunna. Waɗanda ke nema Allah Ya ba su masu albarka. Waɗanda suka rasu wurin haihuwa Allah Ya karɓi shahadarsu. Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna saboda wahalar da suka sha a kanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar jikinmu har ranar da za mu mayar da ita ga Mai ita. Amin.